Kwanan Ɗaliban Firamare a Birni Yayin Ziyarar Ilimi: Nazari Daga Mahangar Amana a Al'adar Hausawa

Tsakure

Makarantun firamare kan kai ɗalibansu ziyarar gani da ido zuwa manyan birane, kuma idan garin na da nisa sai batun kwana ya taso, iyaye da malamai su rabu biyu a kansa. Wannan maƙala ta ɗauki ziyarar birnin Kano daga ƙananan hukumomin jihar a matsayin misali, domin bayyana abin da yaro ke samu a irin wannan tafiya da kuma haɗarin da ke tattare da ita. Ta waiwayi hanyoyin da Bahaushe ya saba barin ɗansa ya kwana a wajen gida, ta gano cewa dukkansu sun ginu a kan damƙa amana ga sanannen mutum guda. A kan haka maƙalar ta nuna cewa kwana na iya fin dawowar dare aminci idan hanya ta yi tsawo, amma bai dace ba sai ga ƴan aji biyar da shida, kuma sai an cika wasu sharuɗɗa da aka zayyana.

Fitilun Kalmomi: ziyarar ilimi, firamare, amana, masauki, Kano

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin firamare a tsarin ilimin Nijeriya yaro ne da ke tsakanin shekara 6 zuwa 11 ko 12. A wannan tsakani ake koya masa tarihin garinsu da sana'o'in gargajiya da tsarin sarauta, a darussan Hausa da zamantakewa da tarihi. Akasarin wannan koyarwa a kan allo take ƙarewa. Yaro zai haddace cewa Barbushe ya zauna a Dutsen Dala, ya ci jarrabawa a kan haka, alhali bai taɓa ganin dutsen ba. Wannan giɓi ne ya sa makarantu ke shirya ziyara zuwa birni.

Ga makarantar da ke Wudil, wadda ba ta wuce kimanin kilomita 40 daga Kano ba, lamarin mai sauƙi ne: a fita da hantsi, a dawo kafin la'asar. Ga wadda ke Doguwa kuwa, can ƙarshen kudancin jihar, inda sai an ratsa dajin Falgore, zuwa da dawowa kaɗai kan cinye mafi yawan yini. A nan ne hedimasta ke fuskantar zaɓi uku: a fasa tafiyar, ko a dawo cikin duhu, ko a kwana. Manufar wannan maƙala ita ce fayyace abin da ya kamata a auna kafin a ɗauki ɗaya daga cikinsu, tare da amfani da ma'aunin da al'ummar da kanta ta gada.

2.0 Abin da Birni Ke Koya wa Yaro

Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma Kano na da abubuwan gani da suka yi daidai da manhajar firamare. Daga kan Dutsen Dala yaro zai hangi shimfiɗar tsohon birni, ya gane dalilin da ya sa mutanen farko suka zaɓi wurin. Ragowar ganuwa, wadda littafin Tarihin Kano ya danganta fara gininta ga Sarki Gijimasu (1095–1134), za ta nuna masa yadda gari ke kare kansa. Zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499) shi kaɗai ya bar wurare uku da ake kai ɗalibai: Gidan Rumfa, da Kasuwar Kurmi, da Gidan Makama wanda a yau gidan tarihi ne. Akwai Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna, mutumin da ya buɗe makarantar boko a Nassarawa a 1909. Akwai kuma gidan namun daji da ke ɗauke da sunan Audu Baƙo, gwamnan jihar daga 1967 zuwa 1975.

Ga mai nazarin Hausa, babbar ribar ta harshe ce. Akwai kalmomin da ke neman ɓacewa daga bakin yara saboda abin da suke nufi ya yi nisa da su. A karofin Ƙofar Mata yaro zai ga baba da toka da katsi, ya ga marini na motsa rini da muciya, ya ji ƙarar bugu a mabuga. A Gidan Makama zai ɗaga kai ya ga azara da daurin guga, ya fito ya ga zanko da indararo, a nuna masa tubali da makuba. Kalmar da yaro ya ji yana tsaye a gaban abin da take nufi ba ta saurin fita daga kansa. Malamin da ya dawo da ɗalibansa daga irin wannan ziyara yana da kayan insha'i da tattaunawa na zango guda.

Sai dai duk wannan riba ta ziyara ce, da rana ake samunta. Kwanan shi kansa abin da yake ƙarawa bai wuce biyu ba: yana ba da isasshen lokaci a zagaya ba tare da gaggawa ba, kuma yana koya wa yaro kula da kayansa da zama da tsaransa a inda babu uwa. Wannan bambanci na da muhimmanci, domin yana nufin cewa makarantar da ke kusa da birni ba ta da hujjar ilimi mai ƙarfi ta kwana.

3.0 Kwanan Yaro a Wajen Gida a Al'adar Hausawa

Akan ɗauka cewa ƙin yardar iyaye ya samo asali ne daga al'adar da ba ta saba rabuwa da yaro ba. Tarihin zaman Hausawa bai goyi bayan wannan zato ba. Yaron Bahaushe ya daɗe yana kwana a inda iyayensa ba sa nan. Namiji idan ya tasa yakan bar ɗakin mahaifiyarsa ya koma zaure ko shago tare da sa'o'insa. Ƴa mace takan kwana a ɗakin kaka, kuma lokacin biki takan kwana tare da ƙawaye a wajen amarya. Masu shan kaciya akan tara su a ɗaki guda su yi jinya ƙarƙashin kulawar wani babba, wanzami na zagayo su. Zuwa hutu gidan dangi a wani gari abu ne da kowa ya sani.

Akwai kuma rabuwa mai tsawo. Riƙo, inda goggo ko kaka ko wata ƴar'uwa ke ɗaukar yaro ta raine shi, ya fito sosai a tarihin rayuwar Baba ta Karo da Mary Smith ta wallafa a 1954. Binciken Enid Schildkrout a unguwannin birnin Kano a shekarun 1970 ya nuna yadda yara ke kai da kawo tsakanin gidaje da kasuwa da aike da talla, suna shiga inda manya ba sa shiga. Almajiranci kuwa ya kai yara garuruwa masu nisa na tsawon watanni ko shekaru, kamar yadda Hannah Hoechner ta bayyana a littafinta na 2018 kan makarantun allo.

Abin da ya haɗa waɗannan hanyoyi shi ne kowacce na da mutum guda sananne da aka damƙa wa yaron. Uba yakan kama hannun ɗansa ya sa a na malam, su yi addu'a, kowa ya shaida. Mai riƙo an san gidanta, an san danginta, an san inda za a same ta. Idan wani abu ya faru, babu tambayar wa za a nema. Ko manya ma, fataken da suka bi hanyar Gwanja neman goro ba sa tashi sai da madugu mai ɗaukar nauyin ayari, kamar yadda Paul Lovejoy ya nuna a nazarinsa na 1980, kuma idan sun isa zango akwai mai gida da zai sauke su ya tsaya musu. Abner Cohen ya bayyana irin wannan matsayi na mai gida a Sabon Ibadan a 1969. Tafiya a wajen Bahaushe ƙafa biyu gare ta: jagora a hanya, da mai masauki a gari.

Da wannan ma'auni, ana iya fahimtar ɗari-ɗarin iyaye. Takardar da makaranta ke aikowa a sa hannu tana cewa "makaranta" ce za ta kula da yara. Makaranta kuwa ba mutum ba ce da za a kalli idonsa. Uban da ke tambayar wane malami ne zai kwana da ɗansa, kuma a gidan wa, tsohuwar tambayar amana yake yi. Tarihin almajiranci na baya-bayan nan ya kuma nuna abin da ke faruwa idan wannan igiya ta yi sako-sako, wato idan yara suka yi wa malami guda yawa, ya kasa sanin inda kowannensu ya kwana.

4.0 Ina Haɗarin Yake?

4.1 Tsaro

Babu mai tattauna wannan batu a Arewacin Nijeriya ba tare da tuna sace-sacen ɗalibai ba. An kwashe ƴan mata 276 a Chibok a Afrilun 2014, da 110 a Dapchi a Fabrairun 2018, da samari fiye da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020, da ƴan mata 279 a Jangebe a Fabrairun 2021. Yawancin waɗannan daga ɗakunan kwana aka ɗauke su cikin dare, shi ya sa kalmar "kwana" kaɗai ke tayar wa iyaye hankali. Amma idan aka duba da kyau, akasarin hare-haren sun auku ne a ƙananan garuruwa da ke maƙwabtaka da daji. Na Tegina a Mayun 2021 da na Kuriga a Maris ɗin 2024, waɗanda suka rutsa da yara ƙanana masu shekarun firamare, da rana tsaka aka kai su, yaran na cikin makarantarsu.

Abin da ya fi kama da ziyarar makaranta shi ne abin da ya faru a yankin Mahuta ta ƙaramar hukumar Ɗandume a jihar Katsina, a Disambar 2020. Ɗaliban Islamiyya kimanin 80 ne aka tare da dare a kan hanyarsu ta dawowa daga taron Mauludi, kafin jami'an tsaro da ƴan sintiri su kuɓutar da su. Waɗannan yara gida suka nufa. Hanya da lokaci ne suka jefa su cikin haɗari. Dare rigar mugu ne, in ji Hausawa, kuma ya fi zama haka a tsakiyar daji fiye da cikin katangar makaranta a tsakiyar birni.

4.2 Hanya

Rana na faɗuwa a Kano tsakanin kimanin ƙarfe 6 da ƙarfe 7 na yamma a duk shekara. Idan tafiya ta kai awa uku, kuma ana son isa gida da sauran haske, dole a bar birni da ƙarfe 3. Wanda ya iso da ƙarfe 11 na safe ke nan awa huɗu gare shi, a ciki za a yi salla, a ci abinci, a kutsa cunkoson ababen hawa. A zahiri, jadawalin yakan zarce, direba ya shiga gudu don ya rama, ga gajiyar tuƙin safe a jikinsa. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana gargaɗi a kan tafiyar dare da gudun wuce sa'a da lodin da ya wuce ƙima. Motar ɗalibai da aka cusa wa yara biyu a kujerar mutum ɗaya, tana dawowa bayan magariba, ta haɗa ukun. Saboda haka, ga makarantu masu nisa, ƙin kwana ba ya rage haɗari da kansa. Wani lokaci ma yakan mayar da shi kan titi, inda ya fi muni.

4.3 Masauki da Lafiya

Kwana na da nasa matsalolin. Cunkoso a ɗaki marar iska lokacin zafi na taimaka wa yaɗuwar sanƙarau, cutar da ta yi wa Kano mummunar ɓarna a 1996. Da damina akwai sauro da gurɓatar ruwan sha. Da hunturu akwai sanyin da ke tayar wa masu amosanin jini da masu asma ciwo, ga hazo da ke rage wa direba gani. A kowane aji akwai yaron da ke shan magani kullum, ko mai farfaɗiya, wanda malami bai sani ba saboda iyaye sun ɓoye. Akwai kuma fitsarin kwance, wanda ba baƙon abu ba ne ga ƴan shekara 6 da 7. A al'ummar da kunya ke da nauyi, yaron da ya jiƙa tabarma a gaban ƴan ajinsu na iya samun laƙabin da zai bi shi har girma.

4.4 Cin Amana Daga Ciki

Haɗarin da aka fi jin nauyin ambatonsa shi ne wanda ke fitowa daga masu kulawar da kansu. A 2022 babbar kotun jihar Kano ta yanke hukuncin kisa ga wani mai makaranta mai zaman kanta da ta samu da laifin sacewa da kashe ɗalibarsa ƴar shekara 5. Wannan shari'a ta girgiza yardar da iyaye ke yi wa makarantu. Darasin da ke cikinta shi ne sanin mutum kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da tsarin da ba ya barin babba guda ya keɓe da yaro.

5.0 Doka, Addini da Adalci

Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta sa maslahar yaro a gaba a duk wani mataki da ya shafe shi, kuma jihar Kano ta samar da tata dokar kare yara a 2023. Nijeriya na cikin ƙasashen da suka amince da Yarjejeniyar Makarantu Masu Aminci ta 2015, sannan a 2021 ta fitar da manufar ƙasa kan tsaro da aminci a makarantu. Ruhin waɗannan takardu shi ne nauyin kula da yaro na kan makaranta muddin yana hannunta, ko a aji yake ko a mota ko a masauki. Sa hannun uba izini ne, bai sauke wa malami wannan nauyi ba.

Ta fuskar addini, hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito ya yi umarni da raba wa yara shimfiɗa idan sun kai shekara 10, wadda ita ce shekarar ɗan aji biyar. Don haka kowane yaro da shimfiɗarsa, maza da mata kuma a gine-gine dabam. Idan babu malamai mata da za su kwana da ƴan mata, iyaye da yawa za su hana ƴaƴansu, tafiyar ta koma ta maza zalla.

Batun kuɗi ma na nan. Dokar Ilimin Bai-ɗaya ta 2004 ta mayar da ilimin firamare kyauta kuma tilas. Ziyarar kwana na buƙatar kuɗin mota da abinci sau uku ko huɗu da kuɗin shiga wurare. Idan aka ɗora wa iyaye duka, ɗan mai hali zai tafi, ɗan talaka ya zauna, sannan a dawo a yi darasi a kan abin da rabin aji bai gani ba. Ziyarar da aka ce ta manhaja ce ya kamata kwamitin gudanar da makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai su nemo yadda kowa zai je.

6.0 Sharuɗɗan Amincewa

Daga bayanan da suka gabata, ana iya fitar da waɗannan sharuɗɗa:

i. Larura. Kada a kwana sai idan nisan hanya zai tilasta dawowa bayan faɗuwar rana. Na kusa su yi ziyarar yini.

ii. Shekaru. Ƴan aji ɗaya zuwa huɗu su tsaya a ziyarar yini. Ƴan aji biyar da shida, waɗanda za su iya faɗin sunan iyayensu da garinsu da bayyana ciwo idan sun ji shi, su ne za a iya kwana da su, kuma dare ɗaya ya wadatar.

iii. Jagora. A raba yara ƙananan rukunoni, kowane rukuni da malaminsa da iyaye suka sani da suna da fuska da lambar waya. A yi taron damƙa amana ido da ido kafin tafiya, a tafi da wasu iyaye maza da mata da ƙungiyarsu ta zaɓa.

iv. Mai masauki. A sauka a makarantar kwana ko wata cibiyar ilimi mai katanga da maigadi, wadda shugabanta ya karɓi baƙuncin a rubuce, kuma wani malami ya je ya duba ɗakuna da ruwa da banɗaki tun kafin ranar. Kada a rarraba yara a gidajen mutane.

v. Hanya. Tafiya da dawowa duk da rana, kowane yaro da kujerarsa, direba ya huta. A nemi izinin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, a kuma tuntuɓi jami'an tsaro kan halin da hanya ke ciki. Idan suka nuna shakku, a ɗage.

vi. Lafiya. A karɓi bayanin ciwon kowane yaro a asirce, a tanadi gidan sauro da ruwa mai tsabta, a san asibiti mafi kusa, a guji watannin tsananin zafi.

vii. Kariya. Manya biyu a kowane ɗakin kwana, mata a na mata, kuma babu babban da zai keɓe da yaro. A ƙirga yara a duk hawa da sauka, musamman a wuri mai lunguna irin Kurmi.

viii. Zaɓi. Uban da ya ƙi kada a tsangwami ɗansa, kuma kada a gina jarrabawa a kan abin da sai wanda ya je zai iya amsawa.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa ribar ziyarar birni ga ɗalibin firamare tabbatacciya ce, musamman wajen raya kalmomin sana'a da gini da sarauta, amma kwana hanya ce ta kaiwa ga ribar idan gari ya yi nisa. Ta nuna cewa Bahaushe bai taɓa ƙin ɗansa ya kwana a waje ba matuƙar ya san hannun da ya sa shi, kuma tsarin madugu da mai gida na fatake ya ba da samfurin da makaranta za ta iya bi. Haka kuma abin da ya faru a Mahuta da lissafin sa'o'in hanya sun nuna cewa dawowar dare na iya fin kwana haɗari. Inda aka cika sharuɗɗan da ke sashe na shida, barin ƴan aji biyar da shida su kwana dare ɗaya a Kano abu ne mai karɓuwa. Inda aka rasa jagora sananne, ko masaukin da aka duba, ko amincin hanya, ya fi dacewa a kai yaran ga abin tarihi mafi kusa da su, kamar fadar hakimi ko maƙera ko kasuwar garinsu, har zuwa lokacin da sharuɗɗan za su cika.